Waƙar Gishiri da Kanwa

Gumel, 8 ga Yuni

Zuwa ga taubashina Abdulbaqi, mutumin ruwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Baba ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya koma zuwa masallaci da kansa. Damina ta sauka da wuri, an yi shuka, gero ya fara leƙowa.

Kada ka yi mamakin takarda. Kullum wayarka a kashe, ka ce a teku babu sabis. To ga Barau direban tirelar shanu, duk Alhamis yana lodi a Maigatari ya gangara Fatakwal, shi ba ruwansa da sabis. Kuma malamar da ta hana mata sakat da rubutu, abin kunya ne a ce ita ba ta yi.

An ba ni ajin mata manya a Maigatari, Litinin da Laraba bayan la'asar, a wata firamare idan yara sun tashi. Turanci nake koyarwa. Su goma sha tara ne. Akwai Ummukulsum ungozoma, mai son karanta abin da ke jikin kwalin magani da idonta. Akwai Jannatu da aure ya kawo daga Nijar, ita har yau lakwal take ce wa makarantar. Sauran masu sana'a ne, sun gaji da ciniki da hannu idan masu saye sun zo daga kudu.

Satin farko na bi littafi, na kuwa sha wuya. Ina karantawa suna gyangyaɗi, wata har da minshari. Sai na tuna, matan nan waƙar da suka ji sau biyu a gidan biki ba ta ƙara fita daga kansu. Na zauna na tsara 'yan waƙoƙi da Turanci mai sauƙi, na ɗora su a kan karin da suka sani, irin na daka da na lallashin jariri, na ɗauka a waya. Ji na farko, a rufe littafi a rufe ido, saurare kawai. Na biyu a bi ni da baki. Na uku kowa ta rubuta abin da kunnenta ya kamo, ko da kalma ɗaya ce. Sai mu haɗa a allo, wannan ta kawo kai, waccan ta kawo ƙafa, har layin ya miƙe.

Ina ma ka ga lokacin rufe idon nan. Iska tana shigowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tantabaru suna kuka a rufi, manyan mata sun yi tsit kawunansu suna kaɗawa a hankali. Ni kaina sai in manta ni ce malama, in ji kamar ajin ya ɗaga da mu yana bi ta saman gonaki. Sai wata ta yi atishawa mu dawo.

Yanzu gyara zama. Ranar Litinin ɗaliba ta ashirin ta shigo, ta ajiye ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta zauna a bencin baya. Goggo Asama'u ce, mahaifiyarka. Daga ruga take takowa, can hanyar Sule Tankarkar. Ashe ta san baƙaƙen boko tun wani ajin yaƙi da jahilci na da, hannun ne kawai ya yi tsatsa. Na ce, "Goggo, ke da wane Bature za ki yi ciniki?" Ta ce, "Ke dai kunna abinki."

Na ji a bakin Baffa Siddiq wai za ku yi tafiya mai nisa. In gaskiya ne, ka zo mu gan ka tukuna, ko mu san irin baƙin da gishirin teku ya ƙara maka.

Taka, uwar ɗakinka ko ka ƙi ko ka so,
Ummulkhair

Fatakwal, 24 ga Yuni

Malama Ummulkhair,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin shanu, na kuwa shinshina ta kafin in buɗe. Ina lafiya, sai ɗan mura na damina. A gaida Kawu da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Uwar ɗaki kuma, sai ranar da kika iya dama fura ba gudaji.

Na yi dariya da labarin ajinki. Ke da ko a Islamiyya ake cewa ki rage murya don jama'a, yau ke ce mawaƙiya. Amma dabarar ta yi. Mu ma a jirgi akwai wani dattijo da bai yi makaranta ba, duk Turancinsa daga rediyo ya tsinto shi.

Maganar tafiya gaskiya ce. Kamfani zai tura ni wani jirgi a ƙasar waje, shekara uku babu dawowa. Tsakiyar Oktoba zan tashi. Kafin nan akwai hutun sati biyu, kuma a Jos zan yi shi wajen Baffa. Ke da Kawu zan kira ku.

Na san abin da za ki ce, don haka bari in riga ki. Shekara biyu da suka wuce na zo ruga, na kwana uku. Ina shiga Adda, mahaifiyar tawa, ta tashi ta shige ɗaki. Duk maganar da za ta yi min sai ta bakin Safiya ƙanwata: "A tambayi mutumin Jos ko yana cin yaji." Alhali taku huɗu ne tsakaninmu. Hamza ƙanena ya shigo, ta ja kunnensa, ta kira sunansa sau uku a numfashi ɗaya, suna ta dariya. Ni ina gefe da ludayi a hannu.

Kada ki yi min wa'azi, na san kunyar ɗan fari ce. Ba a kiran sunansa, ba a kallonsa, ba a yi masa magana kai tsaye. Kaina ya sani sarai, ƙirjina ne bai yi makaranta ba. Ina shekara biyu aka miƙa ni ga Baffa. Yau shekarata talatin da ɗaya, ban san yadda muryarta take ba idan da ni take magana. Abin yana min ciwo, Ummulkhair, kuma ba na son in ɗauki sabon ciwon in tafi da shi shekara uku.

Teku idan ta kwanta da hantsi, sai ki ga kamar fili bayan girbi. Wani lokacin ina tsaye a bayan jirgi sai in ga fararen shanu suna tahowa a jere daga nesa, har in fara neman mai korarsu, ashe kumfa ce.

Abu ɗaya ne ya tsaya min. Me Adda za ta yi da Turanci? Ki rubuto min yadda take a aji.

Naki,
Abdulbaqi

Maigatari, 20 ga Yuli

Abdulbaqi,

Gaisuwa a tsaye, kowa lafiya. A kan buhu nake rubutun nan a bakin kara, kasuwar shanu, Barau ya gama lodi yana ta danna min oda.

Ka tambayi Goggo. Duk ajin babu mai kunnenta. Matar da ke gane kukan kowace saniya a garke ba tare da ta waiwaya ba, me layin waƙa zai yi mata? Ji ɗaya take yi ta maimaita. Rubutun ne a hankali, tana danna fensir har takarda ta huje, harshe a waje kamar mai zare ƙaya. Idan an ce a rufe ido, ita ce ta ƙarshen buɗewa.

Sai dai yau kwana goma ke nan ba ta zo ba. Tun ranar da aka ambaci sunanka a aji ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ba ta dawo ba. Labarin da tsawo, zan rubuto maka a nutse. Ga mutumin nan ya tayar da mota.

Ummulkhair

Fatakwal, 29 ga Yuli

Ummulkhair,

Na samu saƙonki, ina lafiya. A gaida mutan gida.

Ba sai kin wahalar da kanki da dogon labari ba, gajeren ya isa. Da ina cewa ganina ne ba ta so. Ashe ko sunana ya shiga ɗaki sai ta fita. Na hana ta karatun da take jin daɗinsa ina nan a bakin teku, ina ga na zo da kaina.

Ki ce mata ta koma aji, ba za a sake ambatona ba. Jibi za mu shiga ruwa, sati bakwai. Na riga na gaya wa Baffa ya sa rai da ni duk hutun.

Abdulbaqi

Gumel, 6 ga Satumba

Taubashina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gero ya yi kai, yara sun fara satar tumu. Baba yana gaishe ka.

Na san wannan takardar za ta zauna jiranka a ofishinku har ku fito. Sau biyu ina farawa ina yagawa. Ka karanta layina a gurguje, ka yi masa fassarar da zuciyarka ta riga ta tanada. Amma laifin nawa ne tun daga tushe, garin neman gira na kusa rasa ido.

Ga abin da ya faru. Bayan wasiƙarka ta farko, sai wayo ya kama ni. Na ce a raina, ai kunya ba ta jin Turanci. Na tsara waƙar iyali, uwa tana lissafa 'ya'yanta daga babba zuwa auta, na saka sunanka a layin farko. Na ce in dai a waƙa ne, kuma a bakin wasu, zai fita ba ta ankara ba. Aka rufe ido aka saurara. Aka zo bi da baki, sai na ji rabin ajin sun yi ƙasa da murya, don duk sun san ɗan wane ne. Maimakon in gane, sai na miƙa wa Goggo alli na ce ta zo allo ta rubuta abin da ta ji.

Ta taso. Ta rubuta kalmomin farko daidai, babu kuskure ko ɗaya. Da ta iso kan sunan sai ta tsaya. Mata goma sha tara suna kallon bayanta. Ta daɗe a haka, allin yana taɓa allo. Sannan ta ajiye shi a hankali a bakin taga, ta gyara mayafi ta fita. Ummukulsum ta dube ni ta ce, "Malama, boko ya yi miki yawa. Kin tuɓe mata zane a kasuwa." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai da na yi wata guda kafin in iya zuwa ruga. Na same ta da yamma a gindin aduwa tana wanke ƙore. Hadari ya haɗu can gabas bai iso ba, komai ya yi wani irin haske rawaya, har shanun da ke dawowa kamar ba sa taka ƙasa. Na durƙusa na ba da haƙuri. Ta ce, "Tashi, yarinta ce." Na ce, "Goggo, don Allah me ya kawo ki ajina tun farko?"

Ba ta dube ni ba, ƙwaryar take wa magana. Ta ce, "Zuwan mutumin Jos na ƙarshe, da hantsi ya fita bayan zana yana waya. Ni ina ciki ina tankaɗe. Ya daɗe yana magana, ya yi dariya har sau huɗu. Ban taɓa jin muryar nan ta yi tsawo haka ba. Murya ta gidanmu ce, ta mahaifina ce sak, amma maganar ta wasu ce. Garin ya ƙare ban tashi ba. Na ce kafin in mutu, ina son in san abin da ke ba shi dariya."

Sai ta rufe baki ta kwaikwaya min maganar taka ta hanci, inda ka ɗaga, inda ka sauke, inda ka tsaya ka yi dariya. Babu kalma ko ɗaya, karin kawai. Shekara biyu tana riƙe da shi, ta ce da shi take tatsa. Na yi kuka, Abdulbaqi, ita kuwa ta ci gaba da wanke ƙorenta.

Ta ce ba za ta koma aji ba, idon matan ya yi mata nauyi. Amma ta karɓi takardar sabuwar waƙar da za a yi jarrabawa da ita, ta zuwa kasuwa. Na ce, "Wa zai rera miki, ga shi ba ki da waya?" Ta kife ƙwaryar da ta gama wankewa, ta ɗauki wata. Can ta ce, "In akwai wani mai hutu da ya iya bokon nan, ya zo ya rera wa maruƙa. Ni ina gefe ina aikina."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara ban rage ba. Ba zan ce maka za ta kira sunanka ba, don ba za ta kira ba. Na daina wayo, saura naka.

Taka,
Ummulkhair

Gagarawa Tasha, 9 ga Oktoba

Uwar ɗakina Ummulkhair,

Assalamu alaikum. Yau na ba ki sarautar da kaina, ki riƙe da kyau. Ina lafiya. Na biya Gumel na gaida Kawu, aka ce kin tafi bita Dutse. Motarmu ta Kano ta tsaya a nan ana ɗora buhunan riɗi, shi ne na ari benci wajen mai shayi. Zan ba wani direban Gumel ya kai miki gida.

Takardarki ta yi kwana huɗu a aljihuna a Jos. Rana ta biyar Baffa ya dube ni ya ce, "Jikinka ne a nan. Tashi ka bi sauran."

Na isa ruga ana girbi. Ina yin sallama Adda ta tashi ta shige ɗaki. Safiya ta fito da fura, da saƙon a tambayi mutumin Jos ya hanya. Haka ranar ta wuce, babu abin da ya sake. Na ce a raina, Ummulkhair ta sake yi min wayo. Da safe har na mayar da kayana jaka.

Bayan azahar sai Safiya ta shimfiɗa tabarma a inda ake ɗaure maruƙa, ta ajiye takardar waƙarki a kai, ta danne da dutse. Ta tattara yaran gida kaf ta ce su zo gona. Gida ya yi shiru, sai kukan kurciya da maruƙa biyar suna kallona. Na zauna ina jin kaina kamar wawa.

Can na ji takunta. Ta zo ta zauna a ɗaya bakin tabarmar, ta ba ni rabin baya, ta ɗora littafi a gwiwa. Tun da na yi wayo ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Ina ganin gefen kuncinta da furfurar da ta leƙo daga ɗankwali. Ƙamshin man shanu da hayaƙi take yi, kuma wallahi na san ƙamshin nan, ban san daga yaushe ba.

Na ɗauki takarda na karanta layin farko a bushe, don ban san karin ba. Ba ta rubuta komai ba. Ta miƙa hannu ta shafa kan wani jan maraƙi, ta rera masa karin ta hanci a hankali, sau biyu, kamar ita da shi ne kawai a duniya. Na ɗauka daga nan. Kin san muryata, ko ƙofar kwano ta fi ta daɗi. Na rera da Turancinki: ranar Alhamis zan tafi kasuwa, zan sayo gishiri da kanwa.

Na ji fensir yana tafiya a kan takarda, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Sannan ya tsaya. Sai ta yi magana. Ba da maraƙi ba, ba ta bakin Safiya ba, don babu kowa. Kalma ɗaya ta faɗa da Turanci, wadda kike ce musu a aji idan kina son a maimaita. Ta ce in sake.

Ummulkhair, da ni take. Muryar ƙarama ce, tana ɗan rawa a ƙarshe.

Na sake. Ta ce in sake. Na sayo gishiri da kanwar nan har na daina ƙirgawa. Inuwar aduwa ta taso daga ƙafafunmu ta haye zana, maruƙa suka kwanta, wani ya ɗora haɓa a gwiwata. Ban san ko awa ɗaya muka yi ko uku ba. Na ce a raina, baiwar Allah, layin nan ya ba ta wuya, bari in taimaka. Na ɗan karkata na leƙa littafin ta saman kafaɗarta.

Layin yana nan a rubuce, cikakke, babu harafin da ya ɓace. Tun rerawar farko ta gama shi. Fensir ɗin ma yana kwance a tsakiyar littafin, hannayenta biyu a kan cinya, idonta a rufe.

Ta ce in sake.

Ban nuna na gani ba, ai ni ma ɗanta ne. Na mayar da idona kan maruƙa, na gyara murya, na sake.

Naki,
Abdulbaqi